Shuɗin Fentin da Na Kankare

A ɗakin mahaifinmu a Zurmi akwai wani kabad na katakon maɗaci. Tsayinsa ya kai ƙirjin babban mutum, yana da ƙofofi biyu na gilashi, a ƙasa kuma aljihuna biyu masu hannun tagulla. Mahaifinmu malamin asibiti ne, aikinsa ba da magani da ɗaure miki. Tun yana saurayi ya sayi kabad ɗin a Kaura Namoda, lokacin da aka yi gwanjon kayan wasu gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, ya roƙi wani direban motar gyaɗa ya kai masa shi gida. Ciki yake ajiye littattafansa da tabaransa da kwalaben turare. Duk ranar Juma'a da safe, kafin ya yi wanka, sai ya ɗauko wani tsumma mai taushi ya bi jikinsa yana gogewa.

Ni a idona tsohon katako ne kawai, ya yi duhu, ga ƙananan tsage-tsage a samansa. Shekarar da na fara aikin koyarwa, watan da na karɓi albashina na fari, na zo gida ina neman abin da zan yi wa Baba ya ji daɗi. Na tarar ya tafi Sakkwato wani kwas na mako guda. A lokacin shuɗin fenti mai ƙyalli ake yayi, shi ake shafa wa ƙofofin shaguna da tagogin sababbin gidaje. Na sayi gwangwani ɗaya da buroshi, na kwashe littattafan, na jawo kabad ɗin tsakar gida. Sau biyu na shafe shi. Har hannayen tagullar ban bari ba.

Da Baba ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa da jaka a hannu, ya daɗe yana kallo. Ina bayansa ina murmushi.

"Kai ka yi wanga aiki?"

"Ni ne, Baba."

"To. Ka yi ƙoƙari. Allah shi yi albarka."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na ɗauki maganar yadda ta fito, na yi shekaru masu yawa ina jin na kyauta.

Baba ya rasu shekara guda kafin a yanke mana jihar Zamfara. Ina koyarwa a Shinkafi lokacin. Da sabuwar jiha ta fara shirya ma'aikatanta, aka yi ta ɗauke wannan ana kai shi can, ni kuma takardata ta fito Kaura Namoda. Na kama hayar gida mai ɗaki biyu da zaure, na kwaso matata da yara. Kusan kowane mako biyu nakan hau mota in je Zurmi in gaida Inna, mahaifiyarmu.

Wata Asabar, cikin shekarar da aka fara aiki da Shari'a, na isa gida na tarar an fito da kabad ɗin ƙarƙashin rumfa. Inna ta ce gara ce ta kama bayansa, shi ya sa ta sa aka janye shi daga jikin bango. Fentin ya dushe, ya ɓamɓare a wurare da dama. Na zagaya shi, na ce ai abu mai sauƙi ne, zan sa a canza katakon bayan, in sayo wani fentin in sake shafawa.

Inna tana tankaɗen gari. Ta ajiye rariyar.

"Kada ka sake sa mishi fenti."

"Don mi, Inna?"

"Wancan na farko ma, kwana uku mahaifinka bai ci abincin kirki ba. Ya ce mini ɗa ya kashe albashinshi na fari don uba, ba a ce mishi ya yi ɓarna. Ya hana ni faɗa maka. Tun ranar bai sake ɗaukar tsumman nan ba, ba ka lura ba?"

Ban lura ba. Na zauna a kan turmi ina kallon shuɗin nan, kunya ta rufe ni kamar jiya na yi abin. Inna ta ci gaba da tankaɗenta. Washegari na nemi akori-kura, muka naɗe kabad ɗin da tabarmi, na taho da shi Kaura, na ajiye a zaurena.

Kafintoci biyu na fara kaiwa su gani. Dukansu abu ɗaya suka ce: a goge da inji, a fesa banish mai sa katako ƙyalli, kwana biyu an gama. Na kusa yarda. Wani abokin aikina ne ya ce in dakata, akwai wani tsoho a bayan tasha wanda ya yi aikin kafinta a ma'aikatar jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Ya ce a da shi ke gyara kujeru da teburan gidajen manyan ma'aikata.

Na same shi zaune a gindin dalbejiya a ƙofar gidansa. Dogo ne siriri, gemunsa fari fat, hannayensa biyu suna ɗan rawa ko da ya aza su a gwiwa. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Bai yi alkawarin komai ba, ya ce dai in goya shi a babur ya gani.

A zauren ya nufi kabad ɗin. Ya zaro aljihu ɗaya ya kifa shi, ya shinshina cikinsa. Ya duba yadda aka haɗa kusurwoyin, katako ya shiga katako kamar yatsun hannu biyu, babu ƙusa ko ɗaya. A gefen aljihun ta ciki akwai wurin da buroshina bai kai ba. Ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihun rigarsa, ya ɗiga ruwan da ke ciki a kan auduga, ya ɗan murza wurin. Audugar ta fito da launin zuma.

"Ka gani? Shalak ne. Da shi anka gama wanga kabad tun farko." Ya ɗago ya dube ni. "Wane ne mai hannun da ya shafa mishi fentin ƙofar shago?"

"Ni ne, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "To madalla da ba ka ɗora wa wani ba."

Ya bayyana mini cewa shalak wani irin ƙaro ne da ake kawowa daga ƙasashen gabas, wasu ƙananan ƙwari ke tara shi a rassan itace. Ana sayar da shi ɓawo-ɓawo, a jiƙa shi cikin sifirit, irin ruwan nan da ake shafa wa mutum a hannu kafin allura, har ya narke, sannan a riƙa shafa wa katako kaɗan-kaɗan. Na ce to nawa ne kwanakin da zai ɗauka ya gama mini. Ya miƙo hannayensa gabana, suna rawa.

"Malam, waɗanga sun yi ritaya tare da ni. Aikin shalak ba ya son hannu mai tsayawa ko mai rawa. Amma idona na gani, bakina na magana. Kai ka shafa, kai za ka kankare. In ka yarda, ni zan zauna nan in faɗa maka."

Na ce ban taɓa riƙe kayan kafinta ba. Ya ce ai na taɓa riƙe buroshi, ga shaida.

Hutun makaranta ya kama cikin bazara, sai muka tsara aikin da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Bayan sallar asuba nakan je in ɗauko shi, matata ta kawo mana kunu da ƙosai, ya zauna a kan buzu ya jingina da bango. Abin da ya fara ba ni ba wani ƙarfe ba ne, fasasshen gilashin taga ne. Ya nuna mini yadda zan riƙe shi a karkace, in ja shi zuwa gare ni, kullum ina bin hanyar da zanen katakon ya bi.

"Kada ka gitta mishi. In ka gitta, tabon zai fito ranar da ba ka so."

Fentin ya riƙa fita siriri-siriri yana naɗewa. Inda ya yi kauri sai na bi sau biyar ko shida. Yatsuna suka yi kanta, na yanke sau da yawa. A lungunan da gilashi ba ya shiga, ya fiƙe mini wani ɗan itace na riƙa ƙwaƙulewa. Hannayen tagullar muka kwance su muka jiƙa a ruwan tsamiya, fentin ya saki, na goge su da toka. Katakon bayan da gara ta ci, shi da kansa ya auna, ya sa na nemo wani tsohon ƙyauren maɗaci a wajen masu sayar da kayan rusau. Yankan da zai ɗauki kafinta rabin sa'a ya ɗauke mu safiya biyu, yana riƙe da katakon ni ina jan zarto.

Yana ba ni labari ina aiki. Ya ba ni labarin zamanin da jirgi ke shigowa Kaura a kan lokaci, mutane su san ƙarfe nawa da jin kukansa. Ya ba ni labarin mutumin da ya koya masa aikin, wani Bayarabe mai faɗa, wanda in ya ga tabo ɗaya a tebur sai ya sa a wanke duka da sifirit a koma farko. Wani lokaci kuma sai ya yi shiru, in ɗauka barci ya kwashe shi, sai in ji ya ce, "Kana danna gilashin da yawa."

Mako uku muka yi kafin shuɗin ya ƙare. Na bi da sanfefa, mai kaushi sannan mai laushi, har katakon ya yi sumul. Ya fito ja-ja, fari-fari, ba ƙyalli ko kaɗan. Gaskiya ban ga abin da mahaifina ya gani a jikinsa ba. Da na faɗa wa tsohon haka, ya jiƙa yatsa da yawu ya shafa a gefe ɗaya. Wurin ya yi ja mai zurfi, zanen katakon ya fito kamar igiyar ruwa, sannan ya bushe ya ɓace.

"Wancan da ka gani yanzu, shi muka nema. Shalak zai riƙe shi kada ya gudu."

Yana da ragowar shalak a wani gwangwanin madara tun zamanin aikinsa. Da muka buɗe, ya dunƙule wuri ɗaya kamar dutse. Muka jiƙa kaɗan, kwana uku bai narke ba, sai ya zama kamar kaki. Tsohon ya ce shi ma ya tsufa. Na zagaya shagunan kayan gini na Kaura, babu wanda ya san abin da nake faɗi. Sai na tuna wani ɗan kasuwa a Shinkafi da na sani tun ina koyarwa can, mai kawo kayan kafintoci da na maƙera daga tsallaken iyaka. Ranar kasuwa na je. Na ce shalak, ya girgiza kai. Na nuna masa guntun da na taho da shi a takarda, ya ce, "A'a, gomlak kake nufi!" Haka ake kiransa a can wajen su Maraɗi. Ya shiga cikin shago ya fito da leda cike da ɓawo sirara masu launin zuma, suna ƙara kamar busasshen ganye.

Sifirit ne ya fi ba ni wahala. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce tun da aka hana sayar da giya ya daina ajiye manyan kwalabe, ba don an hana shi ba, sai don ba ya son tambaya. Sai Gusau na je, wani shagon masu fenti, na samo galan ƙarami.

Muka zuba ɓawon a kwalba mai faɗin baki, muka rufe shi da sifirit, na riƙa girgizawa safe da yamma. Kwana biyu ya narke, ya zama kamar shayi mai kauri. Muka tace da tsohon ɗankwalin matata. Ranar zauren ya cika da wari mai hawa kai, har waje.

Ina da maƙwabci, katangarmu ɗaya, mai sayar da hatsi a kasuwar Kaura. Mutumin kirki ne, tare muke zuwa masallaci, in kaka ta yi yakan aiko wa yarana da gyaɗa. A kwanakin nan na ga ya canza. In na yi sallama sai ya amsa a taƙaice. A sahu ya daina tsayawa kusa da ni. Ban kawo komai a raina ba sai da matata ta dawo daga gidan suna ta zauna a bakin gado ba ta cire mayafi ba.

"Malam, ka san abin da ake faɗi? Wai kai da tsohon nan kuna haɗa wani abu a zaure. Wai an gan ka kana girgiza kwalba, kuma warin ya isa shaida."

Na yi dariya, amma ita ba ta yi ba. Lokaci ne da kowa ke taka-tsantsan, magana irin wannan in ta yi nisa ba a san inda za ta tsaya ba, ga ni kuma malamin makaranta da ake ba amanar 'ya'yan mutane. Da safe na faɗa wa tsohon. Ya shanye kununsa tukuna.

"Maƙwabcinka bai yi laifi ba. Hancinshi ya faɗa mishi gaskiya, wanga ruwa ɗan'uwan giya ne. Sai dai wanda ya sha shi, makanta ce ko kabari. Tashi ka kira shi. Ka kira liman kuma. Abin da anka yi a ɓoye shi ka ba mutane tsoro."

Bayan sallar azahar na tari liman da maƙwabcin nawa a ƙofar masallaci, na roƙe su su taka zuwa zaurena. Maƙwabcin ya zo yana sunkuyar da kai. Na buɗe ƙofar duka. Ga kabad tsirara, ga tarin shuɗin fenti da na share a kusurwa, ga kwalba. Tsohon ya yi musu bayani tun daga ƙwarin da ke tara ƙaron har zuwa galan ɗin Gusau. Ya sa na dangwala auduga na shafa a bayan aljihu. Suna kallo wurin ya bushe cikin ɗan lokaci, ya bar ƙyalli.

Liman dattijo ne mai sanyin magana. Ya ɗauki galan ɗin ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai shi suka shafa mini a asibiti kafin allura." Ya ajiye. Ya ce malamai sun yi magana a kan irin wannan ruwa, wasu sun tsananta, wasu sun sauƙaƙa tunda ba don sha aka yi shi ba. "Ni abin da zan ce, Malam, ka ware rigar aiki daban da ta salla, ka wanke hannu da sabulu kafin alwala, ka ɗaga shi inda yara ba za su kai ba. Ban ga abin zargi nan ba."

Ya juya ya dubi maƙwabcina. Shi kuwa ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam, ka yafe mini. Da na tambaye ka tun ranar farko."

"Ni ma da na faɗa maka. Ya wuce."

Kafin su fita maƙwabcin ya tsaya yana shafa ƙofar kabad ɗin. Ya ce akwai wani akwatin katako na kakarsu a gida, ko in an gama wannan za a duba masa. Tsohon ya ce a bari Malam ya koya tukuna.

Washegari muka fara shafawa. Tsohon ya sa na dunƙula auduga kamar ƙwan kaza, na naɗe ta cikin ƙyallen tsohuwar farar riga da ta sha wanki, na murɗe bakin a tafin hannuna. Ba a tsoma ƙunshin cikin kwalba. Buɗe shi ake yi a ɗiga shalak a kan audugar, a sake naɗewa, a buga a bayan hannu har a ji ya yi danshi kawai. A ƙasan ƙunshin kuma a ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki don ya riƙa sulɓi.

"Ka sauka kana tafiya, ka tashi kana tafiya. In ka tsaya, ya manne."

Na tsaya, mana. A shafa ta uku wani ya yi sallama a waje, na ɗaga kai in amsa, ƙunshin ya kama saman kabad ɗin, ya bar tambarin saƙar ƙyallen. Na ce innalillahi. Tsohon ya ce in bar shi ya bushe zuwa gobe, in bi da sanfefa mai laushi, in ci gaba. Daga ranar in an yi sallama shi ke amsawa.

Aikin ba shi da wuya, haƙuri yake ci. Zagaye ƙanana, zagaye manya, sannan dogon ja daga wannan gefe zuwa wancan. Kowace shafa siririya ce har ba ka ganin ka ƙara komai. In rana ta ɗaga, sifirit ɗin na bushewa tun kafin ya zauna, sai mu rufe kwalba mu bar shi sai gobe. Kwana huɗu na farko katakon shanyewa kawai yake yi. A na biyar na shigo da safe na ga hasken ƙofa kwance a samansa. A mako na biyu zanen nan mai kama da igiyar ruwa ya fito ya zauna, in ka matsa gefe sai ka ga kamar yana motsi a ƙarƙashin gilashi. Na daina jin rediyo ina aiki. Ƙarar ƙunshin a kan katako ta ishe ni, daga ita nake gane ya bushe ko da saura.

Safiyar ƙarshe tsohon ya sa na yi sabon ƙunshi, babu shalak, sai ɗigon sifirit kaɗan, na bi a hankali na ɗauke man da ya rage. Ya tashi da kyar ya zo ya duƙa, ya kalli saman ta gefe, ta inda haske ke faɗowa. Ya nuna mini wurare biyu da hannuna ya yi nauyi.

"Da maigidana ne, da ya sa ka sake. Ni na karɓa."

Muka bar shi mako biyu ya ƙara tauri, na mayar da hannayen tagulla da gilasai, sannan na naɗe shi da barguna na kai Zurmi. Na so tsohon ya bi ni, ya ce hanyar ta fi ƙarfin bayansa.

Aka shigar da kabad ɗin ɗakin Inna, aka ɗora ƙafafunsa a kan duwatsu huɗu saboda gara. Na janye bargon. Idonta ya fara rauni a lokacin, sai ta matso kusa ƙwarai. Ta aza tafin hannu a samansa ta ja a hankali har ƙarshe. Ta buɗe ƙofa ɗaya ta rufe. Ta daɗe tsaye.

"Haka yake ranar da anka kawo ni gidan nan," ta ce. Ta share ido da bakin zane, ta tambaye ni ko na ci abinci.

Bayan mako biyu na koma. Ina shiga ɗakin idona ya sauka a kan wani farin zobe a tsakiyar saman kabad ɗin, faɗinsa kamar gindin kwano. Inna ta ce butar shayi ce ta aza da zafinta, ta ɗauke ta ga haka, ta goge da ruwa bai fita ba. A mota har Kaura raina a ɓace yake. Ko gida ban shiga ba na wuce bayan tasha.

Tsohon ya saurare ni har na gama, yana ta murmushi.

"Shalak ba ya son zafi, na manta ban faɗa maka ba. Amma kada ka damu. Da banish ne sai ka kankare duka. Wanga kuwa sabo na narkewa cikin tsoho. Ka ɗauki ƙunshinka da 'yar kwalba, ka bi wurin a hankali, kafin shayi ya huce ka gama. Kuma kada ka yi wa tsohuwa faɗa. Ɗakinta ne."

Asabar ta gaba na je da kayana a cikin leda. Na yi yadda ya ce, zoben ya dushe ya ɓace, Inna na zaune a bakin gado tana kallo. Da na gama ta aika aka sayo mata faifai sabo, ta ce nan za ta riƙa aza buta. Takan tuna wani lokaci, wani lokaci ta manta. A shekarun da suka rage mata na gyara irin zoben nan sau uku, kuma kowane zuwa sai ta riƙe ni na kwana.

Damina na kamawa 'yar tsohon ta zo ta tafi da shi Shinkafi, inda take aure, don ba mai kula da shi a Kaura. Na ziyarce shi sau biyu kafin rasuwarsa. Akwatin kakar maƙwabcina ni kaɗai na yi shi, cikin hutun ƙarshen shekara. Da na kankare na tarar ba maɗaci ba ne, wani farin katako ne mai sauƙi, bai yi kyan da muka sa rai ba. Maƙwabcin dai ya ji daɗi, ya ɗauke shi a ka da kansa ya shiga da shi gida.